Kirarin Amalanke

Buronmu, wato ofishinmu, yana saman wani shagon taya ne a Konni, a bakin hanyar da manyan motoci ke jeruwa suna jiran duwan, wato kwastan, ya sallame su su tsallaka Najeriya. Ɗaki ɗaya ne mai fanka mai kuka. Ni ina da teburina kusa da ƙofa, abokin aikina, wani Ba'adare mutumin Illela, yana tsakiya, teburin jikin taga kuwa na abokiyar aikinmu ne, wadda muke kira Malama. 'Yar Malbaza ce, mahaifinta ya tsufa yana aiki a masana'antar siminti. Kullum sai ta iso da safe a bayan babur ɗin kabu-kabu, ta kakkaɓe mayafinta a bakin matakala, ta ce mana ina kwananku ba tare da ta dubi kowa ba. Ni dai na san da ni take. Haka nake gaya wa kaina a lokacin.

Wata ƙungiya ce ta ɗauke mu aiki. Sun kawo wani ɗan aike na na'ura, irin masu ƙirƙirarriyar basirar nan, wanda manomi zai kira ta salula ya faɗa masa damuwarsa da Hausa. Ɗan aiken ba shi da hannu, ba shi da ƙafa. Abin da yake da shi kayan aiki ne da aka jera masa: akwai mai duba yanayin ruwan sama, akwai mai tambayo farashin hatsi a kasuwanni, akwai mai kai saƙo ga likitan dabbobi, akwai mai nemo amalanken jaki ko kabu-kabu. Sai dai ba ya ganin kayan nan da ido. Ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowanne shi kaɗai yake karantawa, daga nan ya zaɓi wanda zai ɗauka. Ni da Ba'adare mu ne masu rubuta bayanin, kowa ya rubuta nasa daban. Ita kuma aikinta ta gwada su ta ga na wa ya fi yi wa ɗan aiken jagora.

Shef ɗinmu, wato shugabanmu, wani dattijo mai yawan tafiya birnin Tawa, ya ce mana tun farko: wanda bayaninsa ya ci, nasa za a saka, kuma shi zai raka Malama zagayen ƙauyuka kafin damina, Bazaga da Alela da na kewaye, don a gyara abin da ya rage a gaban manoma. Da motar ƙungiya za a tafi, da direba, da wata hajiya mai kula da ƙungiyoyin mata.

Ban ji sauran maganarsa ba. Ni a raina tuni na shiga motar.

Ya kamata in faɗi irin mutumin da nake. Tun ina lakwal, wato makarantar boko, yayata ke karɓo hayar littattafan soyayya a wata rumfa kusa da tasha, waɗanda 'yan kasuwa ke shigo da su daga Kano ta Sakkwato. Tana ɓoye su cikin kwanonin ɗakin innarmu, ni kuma ina sacewa in karanta a bayan rumbu. A cikinsu na koyi duniya. Na koyi cewa namiji ba ya faɗin abin da ke ransa a tsaye kamar mai sayen gishiri. Sai an yi tafiya, mota ta kafe a rairayi, an sauka an fake a inuwar gawo, iska ta ɗaga gefen mayafi, sannan ya buɗe baki ya yi magana mai tsawon shafi biyu, ita kuma ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta. Na yi shekaru ina tanadin wannan magana. Abin da ya rage mini kawai shi ne mota da rairayi da gawo, ga shi shef ya ce akwai su.

Sai kuma wani tunani ya zo mini wanda a lokacin na ɗauka baiwa ce. Bayanin nan da muke rubutawa, manomi ba ya ganinsa, shef ba ya karantawa. A duk faɗin duniya ɗan Adam ɗaya ne zai zauna ya bi shi kalma bayan kalma, ita ce. Don haka na daina rubuta wa na'ura. Na koma rubuta mata.

Na fi ba da ƙarfi a kan mai nemo amalanke, don shi ne na ga ya fi kama da ni. Har yau ina iya kawo shi da ka:

"Wannan shi ne mai share hawayen wanda nauyi ya yi wa yawa. Duk wanda ya duba gabas da yamma bai ga mataimaki ba, duk wanda ya rasa yadda zai yi, duk wanda zuciyarsa ta gaji da ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, to ga shi. Ba ya ƙi, ba ya gajiya, ba ya mayar da mai buƙata hannu wofi."

Da na gama na leƙa na Ba'adare ta gefen ido. Ga abin da ya rubuta:

"Yana nemo mai amalanke ko ɗan kabu-kabu mafi kusa. A ɗauke shi idan mutum yana son a kai kayansa ko shi kansa wani wuri. Kafin a kira shi a tambayi inda mutumin yake, inda za shi, da irin kayan. Ba ya faɗin kuɗin ɗauka. Ba ya maganin dabba. Ba ya aiki a wajen yankinmu."

Har tausayinsa na ji. Na ce a raina wannan bawan Allah ko takardar asibiti ta fi maganarsa ɗanɗano.

Yadda take gwajin shi ne, tana da muryoyin manoma da aka naɗo a ƙauyuka, kowa da tambayarsa. Sai ta ɗora wa ɗan aiken bayanin mutum ɗaya, ta kunna masa muryoyin, ta zauna tana kallon abin da zai ɗauka. Ranar gwajin farko ta ce mu matso mu gani. Da nawa ta fara. Na tsaya a bayanta ina jin ƙamshin turaren wuta a mayafinta, ina jira in ga inda numfashinta zai tsaya.

Murya ta farko ta wata tsohuwa ce daga Bazaga. Ta ce akuyarta ta kumbura, tun jiya ba ta ci ba, ita kuma ba ta da kowa. Sai ɗan aiken ya aika mata da amalanke.

Na biyu wani magidanci ne daga Alela. Ya ce ya rasa yadda zai yi, ya shuka a ruwan fari ko ya dakata. Aka aika masa da amalanke.

Na uku yana son ya san yadda wake ke tafiya a kasuwa, don buhunan sun yi masa yawa a ɗaki. Amalanke.

Ba'adare ya juya baya yana tari. Ita kuwa ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, har hawaye ya fito mata. Na sha karanta yadda jarumi ke sa jaruma hawaye da alƙalaminsa. Ba irin wannan aka rubuta ba.

"Malam," in ji ta da ta samu numfashi, "jakunan ƙasar nan duka ka gama da su. Mi suka yi maka?"

"Ai ban faɗi ƙarya ba," na ce.

"Ba ka faɗi komai ba dai. Kirari ka yi mishi." Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Ka dibi tsohuwar nan. Da a ce da gaske ne, da akuyarta ta mutu jaki na tsaye a ƙofar gida. Shi wanga abu ba ya jin daɗin magana. Abin da ka ce mishi shi yake ɗauka. Ka ce duk wanda ya rasa yadda zai yi, to wa ke kiranmu in ba wanda ya rasa yadda zai yi ba?"

Ta ɗora na Ba'adare. Tsohuwa ta samu likita, magidanci ya samu labarin ruwa, mai wake ya ji farashi. Ta sa yatsa a jikin allon kwamfuta, daidai inda ya rubuta ba ya maganin dabba, ta ce, "Wanga layi ya yi mini."

Ya yi mini. Na tafi gida da kalmomin nan a ƙirjina kamar na haɗiyi ƙashin kifi. Na yi shekaru ina tara zance, wani ya rubuta abin da amalanke ba ya yi, shi aka ce wa ya yi mini.

Washegari na tayar da gardama, don in ba gardama ba ni da hanyar sa ta juyo da kujerarta wajena. Na ce ni abin da ban gane ba shi ne wannan faɗin aibi. Kawuna dillali ne a kasuwar dabbobi, tun ina yaro nake bin sa, ban taɓa jin ya kama rago ya fara da abin da ragon bai iya ba. A gidanmu ma ko yaro za a aika, sai an yabe shi tukuna. Ka ɗauki abu ka jera gazawarsa a gaban baƙo, ni a wurina rashin kunya ne.

"Malam, amalanke ba surukinka ba ne," in ji ta. "Ba ya jin kunya."

"To ni ina ji mishi."

"Kai dai Mai Kirari," in ji Ba'adare yana zuba shayi daga sama, "kawo in taya ka. Rabin yini ya ishe mu mu gyara."

Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai game da shi. Da mugu ne da na huta. A littattafan da na karanta, abokin takara yana da gashin baki da mota da baƙar zuciya, mai karatu ya san inda zai ajiye ƙiyayyarsa. Nawa kuwa mutum ne mai tsohuwar riga wankakkiya, mai raba mana ƙuli-ƙulin da innarsa ke aiko masa, wanda da gaske yake son ya taya ni. Na ce masa na gode, ban gaji ba tukuna.

Daga nan na zama mai gadi. Ina lura da wanda ya fara miƙa wa kofin shayi. Ina lura da yadda take jan kujerarta zuwa teburinsa su sunkuya a kan layi ɗaya, suna muhawara ko a ce kaya ko a ce buhu, kamar masu zaɓen sunan jariri. Idan wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, sai ya yage kwali ya ba ta ta yi fifita, ni kuma in zauna ina jin haushin kwalin. Wata rana ta ce masa, "Kai ba ka ɓata mini lokaci." Na juya maganar nan a kaina har na isa gida, na ci tuwo da ita, na yi alwala da ita.

Cikin fushi na yi rubutu na biyu. Na ce tunda bushewa ake so, za a ga bushewa. A kan amalanke na rubuta, "Yana kiran amalanke." A kan likita, "Yana kiran likita." Na miƙa mata ina kallon rufi. Wannan karon ɗan aiken ya zaɓi daidai sau da yawa, amma sai ya riƙa tura mai amalanke ba tare da ya tambayi ina ne ba, ko kuwa mene ne kayan. Ta dube ni ta ce, "Jiya ka cika tulu har ya zube, yau ka kawo shi ba ruwa. Lafiya kake kuwa?"

Ta tambayi lafiyata. Na riƙe wannan ma, na ajiye shi a wani gefe daban.

Saura kwanaki kaɗan gwajin ƙarshe na zauna na yi aikin da gaske. Zafin bazara ya kai inda ko direbobin manyan motoci sun shige ƙarƙashin motocinsu sun kwanta. Na saurari muryoyin manoman nan ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta abin da kowane kayan aiki ke yi, da lokacin da za a ɗauke shi, da abin da za a tambaya kafin nan. Na danne zuciyata na rubuta abin da ba ya yi, ina ji kamar ina tona asirin ɗan'uwa. Da na karanta daga sama har ƙasa, na san ya yi kyau. Na kuma ga cewa babu ni a ciki ko kaɗan. Kowa ma zai iya rubuta shi. Idan ta karanta, Ba'adare na biyu za ta gani, kuma wa zai so na biyu alhali na fari na zaune a tsakiyar ɗaki?

Shi ya sa na bar mata layi ɗaya. A ƙarshen bayanin mai duba ruwan sama, bayan duk ƙa'idoji, na ƙara: "Shi ne abokin duk mai jiran abin da bai iso ba tukuna." Na ce wannan ƙarami ne, na'ura za ta tsallake shi, ita kuwa za ta tsaya.

Ranar gwajin shef ya zo da kansa ya zauna. Aka fara da na Ba'adare, ya wuce lafiya. Aka ɗora nawa. Murya bayan murya ɗan aiken yana ɗaukar abin da ya dace. Na ga ta gyaɗa kai, na ga shef ya gyara zama. Har na fara tunanin wace riga zan saka a mota. Sai aka zo kan wani makiyayi da ke magana a gajiye. Ya ce an yi masa alkawarin likita zai zo ya duba saniyarsa, yana ta jira, har yanzu bai iso ba.

Ɗan aiken ya gaya masa cewa akwai alamar hadari a ƙarshen mako.

Ba wanda ya yi dariya. Ta koma cikin bayanin tana nema, yatsanta na bin layuka, har ya tsaya a kan layin da na bar mata. Ta karanta shi a hankali, leɓunanta na motsi. Na jira. Na rantse na ga wani abu ya gifta a idonta, ko da yake na yi shekaru ina tambayar kaina ko hasken taga ne.

"Wanga ne ya ja shi," ta ce wa shef. "In an cire shi sauran ba laifi."

"To amma na wancan ba abin cirewa," in ji shef. Ya miƙe yana neman makullin motarsa. "Ba'adare, ka shirya kayanka."

Na tsaya a taga ranar da suka tafi. Hajiya ta shiga gaba saboda ƙafarta, su biyu suka shiga baya, da jakar kwamfuta a tsakaninsu. Na bi motar da ido har ta shige tsakanin manyan motoci. Mako guda na yi ni kaɗai da fanka. An bar mini aikin gyara waɗansu bayanai, ina yi, amma hankalina na kan hanyar Alela. Na san rairayin wurin. Na san akwai gawo. Abin da kawai ke sanyaya mini rai shi ne mutumin bai iya magana ba. Ko mota ta kafe, zai sauka ne ya tura.

Da suka dawo Malama ta yi baƙi kaɗan, tana ta ba da labarin wata tsohuwa da ta ƙi yarda ɗan aiken ba mutum ba ne, har ta tambayi ɗan gidan wa ne. Ba'adare kuwa yana nan yadda yake. Sai bayan la'asar, da ta tafi, ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, yana murza hularsa a hannu.

"Abokina, wata alfarma nake nema. Zan je gaida mahaifinta a Malbaza. Ka san ba a zuwa kai kaɗai, kuma ka san bakina. In na zauna gaban dattijo sai in manta sunana. Kai Allah ya ba ka magana."

Na ji fankar ta yi nisa. Na ce, "Har an kai nan?"

"Ta amince in je."

"A ina ka faɗa mata? Mota ta kafe?"

"Wace mota? A Bazaga ne, muna jiran a buɗe mana ajin da za mu yi taro."

"Mi ka ce mata?"

Ya yi ɗan tunani, kamar na tambaye shi abin da ya ci shekaranjiya. "Ce mata na yi ina son in aure ta. Na ce ina da ɗaki a gidanmu a Illela amma a Konni za mu zauna, ba zan hana ta aiki ba, ba ni da mota, kuma ban iya hira ba."

"Shi ke nan?"

"Ta yi mini tambayoyi. Na amsa."

Na so in ce ina da aiki ranar. Na so in ce ba ni da lafiya. Amma da na ƙi, zai tafi da wani, wani ne zai zauna a zauren nan ya yi magana tana ji daga ciki. Wannan kuma ban iya jurewa ba.

Muka tafi da hantsi a kan babur ɗinsa, ni a baya rungume da ƙullin goro. Ƙurar siminti ta yi wa itatuwan bakin gari fari. Mahaifinta ya karɓe mu a zaure, dogon tsoho mai kaurin hannu, ya sa aka kawo mana fura. Ba'adare ya durƙusa ya gaishe shi, daga nan ya kafa ido a tabarma bai ƙara ɗagowa ba. Ƙofar cikin gida a buɗe take kaɗan, labule na motsi, na kuma ga gefen wani takalmi da na sani.

Sai na yi magana. Na faɗi asalinsa da gidansu, na faɗi haƙurinsa da riƙon amanarsa. Na ce mutum ne da in ya ce zai zo, to ka shimfiɗa tabarma. Na ce ba ya ɗaga murya, ba ya cin abinci shi kaɗai, kuma duk wadda ta zauna a inuwarsa ba za ta nemi wata ba. Zancen da na tanada tun ina bayan rumbu ya riƙa fitowa da kansa, ina sauya masa suna kawai. Muryata ta yi rawa a wani wuri, tsohon ya ɗauka ladabi ne. Duk abin da na faɗa a kan mutumin nan gaskiya ne, shi ya fi ƙona ni.

Da na yi shiru tsohon ya daɗe yana kallon Ba'adare. Sannan ya ce, "To, madalla. Ka turo manyanka."

A hanyar komawa Ba'adare ya riƙa juyowa yana yi mini godiya, iska na kwashe rabin maganar. Ya ce bai san haka yake ba sai yau. Ya tsaya a bakin hanya ya saya mini mangwaro, ya dage sai na karɓa. Na karɓa, na riƙe ledar a cinyata har Konni, ina kallon bayan wuyansa.